Zauren Malama: Na Kashe Mutum Uku a Littafina, Ba Wanda Ya Yi Kuka

Assalamu alaikum. Wasiƙun wannan wata sun taru a kan abu guda kamar an haɗa baki, don haka na ware huɗu daga ciki. Masu tambaya a kan ƙa'idojin rubutu su yi mini haƙuri sai wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.

TAMBAYA: Malama, ni ɗaliba ce, ina zaune a Gyallesu, Zariya. Ina rubuta littafi ina sakinsa shafi-shafi a WhatsApp. A shafi na 40 na kashe mahaifin tauraruwata da ƙanenta da saurayinta a hatsarin mota a hanyar Kaduna. Ni kaina ina rubutawa ina hawaye. Amma da na saki, abin da masu karatu suka turo mini shi ne "Allah Ya jiƙansu, a ci gaba." Wata ma cewa ta yi dama ta san za a rina. Don Allah mene ne ya fi taɓa zuciyar mai karatu a labari? Baƙin ciki ne, ko soyayya, ko tsoro?

AMSA: 'Yata, Allah Ya jiƙan mamatanki, ko da yake ke kika kashe su. Kafin in amsa, ni ma ina da tambaya. A shafuka 39 da suka wuce, sau nawa muka ga mahaifin nan yana yin wani abu ban da ba da kuɗin cefane da cewa "Allah Ya yi miki albarka"? Mun san irin tarinsa in ya shigo zaure? Mun san ɗan da ya fi so yake ɓoyewa? In ba mu sani ba, to mutuwarsa ta zama sanarwar rasuwa a rediyo: ka ji, ka ce Allah Ya jiƙan Musulmi, ka ci gaba da shan kokonka. Ke kin yi kuka ne don kin san shi a zuciyarki. Mu ba ki gabatar mana da shi ba.

Na yi shekara 31 ina koyar da Hausa a makarantun 'yan mata a nan Zariya, kuma darasin ƙarshe na ranar Alhamis nakan ware shi don karatu a bayyane. A nan na koyi abin da ba a koya mini a kwaleji ba. Duk inda marubuci ya ce tauraruwa ta sulale ƙasa sumammiya, an kwashe ta ranga-ranga sai asibiti, an sa mata ƙarin ruwa, likita ya zare tabarau ya ce jininta ya hau, to nan yara ke fara zungurin juna da ƙafa a ƙarƙashin benci. Sun haddace hanyar. Wani lokaci har su riga ni faɗin abin da likitan zai ce.

Ranar da aji ya yi mini tsit ɗin da ban taɓa ji ba, ba littafin kowa nake karantawa ba. Aikin gida ne na wata yarinya 'yar aji biyar, shafi ɗaya da rabi, rubutun ma duk gyara. Labarin wata budurwa ce da ta shiga kasuwar Sabon Gari da ƙawayenta 'ya'yan masu hali, za su sayi kayan komawa makaranta. Suna cikin layin 'yan hatsi sai ga mahaifinta, ɗan dako, ya ɗauko buhun masara a ka, jijiyoyin wuyansa duk sun tashi, gumi ya jiƙa masa riga. Suka haɗa ido. Sai ta kau da kai ta kama duba wani gyale da ba ta da niyyar saye. Shi kuwa da ya iso daidai inda suke, sai ya ce, "Gafara dai 'yan mata, a ba da hanya," kamar yadda zai ce da 'ya'yan kowa, ya wuce. Da dare ya dawo gida, ya wanke ƙafa, ya zauna a kan tabarma, ya dube ta ya ce, "Kin ci abinci kuwa?" Nan labarin ya ƙare.

Ba wanda ya mutu, ba wanda ya suma, ba a ma rubuta kalmar hawaye ko sau ɗaya ba. Amma da na ɗago kai, rabin ajin sun kifa fuska a kan benci. Ni kaina sai da na juya na yi kamar ina goge allo, alhali babu komai a allon. Aka kaɗa ƙararrawa, ba wadda ta motsa.

Na daɗe ina juya abin. Mutumin nan ya gane sarai abin da 'yarsa ta yi. Yana da iko ya kira sunanta a gaban ƙawayen, ko ya jira dare ya zazzage mata. Sai ya rufa mata asiri da nasa mutuncin, ya haɗiye. To abin da ya haɗiye bai ɓace ba, wuyan mai sauraro ya koma ya tsaya. Amsata ke nan, 'yata: a wurinmu babu abin da ke tsinka zuciya kamar kawaici. A yi wa mutum abu, ya ji zafin har ƙashi, yana da bakin magana, ya zaɓi ya yi kara. In mutumin cikin labari ya yi kukansa da kansa shafi uku, ya hutar da mu. In ya danne, mu za mu yi masa.

Kuma ba laifinmu ba ne, haka aka raine mu. Ni 'yar fari ce, an haife ni a cikin birni, ba nisa da Ƙofar Doka. Har Inna ta koma ga Mahaliccinta ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" ce, ko "waccan," in kuwa da baƙi sai ta ce "'yar gidan Gwaggo." Yaran yanzu da uwa ke rungumewa a ɗauki hoto ba za su gane ba, kuma ban ce su koma ba. A 1972 aka ɗauke ni makarantar kwana. Ranar tafiya Baffa ya ɗaure akwatin ƙarfena a bayan keke, matan gida duk suka fito har bakin zaure, wannan ta ba ni sabulu, waccan ta ba ni kwalli. Inna tana bayan ɗaki tana tankaɗe, ta ba ni baya. Na je na durƙusa na ce, "Inna, zan tafi." Ba ta ɗago ba. Ta ce, "To. A kula da kaya." Rariya ta ci gaba da kaɗawa.

Na yi kuka a mota har muka isa, kukan haushi, ina cewa a raina matar nan ba ta ƙaunata. Da dare na buɗe akwati zan ciro zanen rufa, sai na ga ɗankwalinta a can ƙasa, wanda take ɗaurawa in za ta biki, ba ta da wani mai kyau sai shi. An ƙulle gefe ɗaya da dakuwa, ɗaya gefen da sule uku, don lokacin naira ba ta zo ba sai shekarar da ta biyo. Ƙuli-ƙuli take sayarwa, na san kwana nawa za ta yi a gaban kasko kafin ta ga ribar sule uku. Ban san lokacin da ta sa ba. Da na dawo hutu ban yi mata godiya ba, ita ma ba ta tambaya ba, kuma har ta rasu ba mu taɓa tayar da zancen ba. Shekara hamsin da wani abu ke nan, ina rubuta miki wannan ina tsayawa ina gyara tabarau.

In kina son ki ga ƙarshen abin, koma Suratu Yusuf. Ba ƙagaggen labari ba ne, Allah Ya tsare mu da haɗa su, amma Allah da kansa Ya kira shi mafi kyawun labari, kuma mai alƙalami zai ƙaru da duba yadda ya zo. Lura da inda 'yan'uwan suka tsaya a gaban Annabi Yusuf a Masar ba su gane shi ba, suka ce in ƙanensu ya yi sata, ai wani ɗan'uwansa ma ya taɓa yi. Shi suke nufi, a kan idonsa, mulki yana hannunsa. Aka ce ya ɓoye abin a ransa, bai bayyana musu ba. Lura da Annabi Yaƙub, wanda idanunsa suka yi fari saboda baƙin ciki, aka kuma siffanta shi da mai haɗiyewa. Sannan ki duba abin da aka bi labarin da shi tun daga farko: riga. Rigar da aka shafa wa jinin ƙarya, rigar da aka yaga ta baya, rigar da uba ya jiyo ƙanshinta tun ayari bai iso ba. Duk wanda ya taɓa sallar asham a bayan limamin da ya kai waɗannan ayoyi ya san inda murya ke fara rawa.

Yanzu ga shawara a kan littafinki. Mutum uku sun yi yawa, zuciya ba ta zaman makoki uku a tabarma ɗaya. Tayar da biyu, ki ce asibiti aka kai su, masu karatu za su yafe miki. Ki bar mahaifin, amma ki koma baya ki ba shi rai: wata 'yar ɗabi'a, wani rauni, wata magana da ta tsaya tsakaninsa da 'yarsa ba a ƙarasa ba. Ranar rasuwar kuma kada ki daɗe, kowa ya san yadda gidan mutuwa yake. Tsallaka zuwa bayan sadakar bakwai, baƙi sun watse, an naɗe tabarmi. Magariba ta yi, uwar tana kwasar tuwo, hannunta ya ɗauko kwanon maigida kamar kullum, ta zuba malmala biyu, ta ɗauki murfi. Sai ta tsaya. Yarinyar tana kallonta daga bakin ƙofa. Uwar ta juye tuwon a tukunya, ta ce, "Miƙo mini ludayi." Ki tsaya nan. Kada ki ce mana hawaye na bin kuncin kowa.

TAMBAYA: Malama, ni ɗalibin shari'a ne a Kongo, harabar Jami'ar Ahmadu Bello da ke nan Zariya. Gaskiya ni labari bai taɓa sa ni kuka ba. Abin da ke hana ni barci shi ne haushi. In aka zalunci wani, ba na iya ajiye littafi sai na ga ƙarshen azzalumin. Ashe wannan bai fi tausayi ƙarfi ba?

AMSA: Ɗana, ka zaɓi karatun da ya dace da kai. Kuma kana da gaskiya rabi. Haushi shi ke juya shafi, tun muna yara muka san haka. In kaka ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku," ta ɗauko ta 'yar bora da 'yar mowa, babu yaron da ke gyangyaɗi sai ya ji an saka wa 'yar bora, 'yar mowa kuma ta kwashi kashinta a hannu. Marubucin da bai iya kunna wannan wutar ba, da wuya a kai ƙarshen littafinsa.

Sai dai haushi kamar yunwa yake, da ka ƙoshi ka manta. Ka san nan garin ne mahaifar ƙagaggen labarin Hausa na boko. A 1933 Rupert East, da ke riƙe da hukumar fassara da talifi a Zariya, ya sa gasar rubutu, aka samu littattafai biyar da aka buga. Biyu daga ciki sun isa misali. Jiki Magayi, wanda John Tafida na Wusasa ya rubuta tare da East ɗin, ramuwar gayya ce ƙashin bayansa: mai kuɗi ya ƙwace wa saurayi budurwa, saurayin ya sha alwashi. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa yana ɗauke da uwar da ta bar gida neman ɗanta, ta faɗa hannun masu cinikin bayi, aka tsallaka Sahara da ita. Na koyar da su biyun shekara da shekaru. Na farkon yara kan cinye shi a kwana biyu. Amma in na haɗu da tsofaffin ɗalibaina a gidan biki, wasu da jikokinsu, uwar nan suke tuna mini.

Akwai kuma tarkon da marubutanmu na yanzu ke yawan faɗawa. Don su huce wa mai karatu, sai su lafta wa muguwar kishiya duk masifar duniya: ta haukace, ta shiga bola, ɓarin jikinta ya shanye, 'ya'yanta su guje ta. Kai da kake karatun shari'a ka fi ni sanin cewa hukunci in ya zarce laifi, shi ma zalunci ne. Mai karatu yana da ma'auni a ƙirjinsa ko bai sani ba. Sau da yawa na rufe littafi ina tausayin wadda aka so in tsana, ina jin haushin tauraruwar da ke kallonta daga cikin mota mai sanyi.

TAMBAYA: Malama, ni ma'aikaciyar jinya ce a Shika. Na lura kullum kina tsallake soyayya, alhali ita ce ta cika littattafanmu. Ko don kin manyanta ne?

AMSA: Na ji, na kuma yafe. Ƙanwata, lokacin da littattafan soyayya suka ɓarke daga Kano a tsakiyar shekarun 1980, ina cikin masu ƙwace su a hannun ɗalibai da rana, in karanta da dare a hasken fitilar ƙwai, in mayar da safe da faɗa. Ba soyayya nake gudu ba, surutunta nake gudu. Shafi biyu na "ke ce hasken idanuna, ke ce bugun zuciyata" ba ya motsa ko kaza. Kawo mini saurayin da ya zo zance na ƙarshe, ya san an ba da ita ga wani, ita ma ta san ya sani. Yana tsaye a jikin kekensa, tana wasa da bakin mayafi, suka ɓata rabin sa'a suna zancen ruwan bana ya yi jinkiri. Da zai tafi ya ce, "A gaida su Inna." Wannan zan karanta sau uku.

TAMBAYA: Malama, ni tela ne a Tudun Wada, shekarata 14 da aure. Maiɗakina ta kamu da sauraron littattafan nan da ake karantawa a waya. Sau biyu ina shigowa in tarar tana sharɓar kuka a madafi, tuwo na ƙauri, in na tambaya ta ce wai wata ce a labari mijinta ya yi mata kaza. Abin da ya fi ɗaure mini kai, da yayarta ta rasu bara ban ga ta yi kuka irin wannan ba. Mutanen ƙarya sun fi 'yar'uwarta ne? Ko in hana ta?

AMSA: Malam, kada ka hana ta, kuma kada ka sake yi mata wannan lissafin ko da wasa. Ka tuna yadda gidan makokinmu yake. Mace ta buɗe baki za ta yi kuka, kafin sauti ya fito tsofaffi uku sun taso: "Haba, ki yi haƙuri, addu'a take bukata, kukan me?" Ga baƙi a karɓa, ga abinci a raba, ga 'ya'yan mamaciya suna kallon fuskarta su ga ko za ta karye su ma su karye. Sai ta ɗaure. A yi uku, a yi bakwai, a yi arba'in, kowa ya yaba da tawakkalinta. To ina kukan ya tafi? Yana nan inda ta ajiye shi.

Labari shi ke ba ta izinin da mutane suka hana ta. Ba wanda zai ce da ita ta yi tawakkali a kan matar da ba a taɓa haifa ba. Fakewa take da guzuma tana harbin karsana, wataƙila ita kanta ba ta sani ba. Ni bayan rasuwar Inna wata huɗu idona a bushe, har ina tuhumar kaina. Sai wata rana da la'asar ana karanta wani labari a rediyo, ba ma mai daɗi ba, aka zo inda wata tsohuwa ke ƙulle kuɗi a bakin zane. Sai da maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce lafiya.

Amma akwai abu ɗaya a wasiƙarka da na ja wa layi. Ka ce in ka tambaya, takan ce wata ce mijinta ya yi mata kaza. Ban ce da kai take ba, ban san gidanku ba. Na dai san kukan kurciya jawabi ne. Kai da ke iya duban mutum sau ɗaya ka san faɗin kafaɗarsa ba ka ɗauko awo ba, ba za ka kasa wannan ba. Wata rana in ka rufe shago da wuri, ka zauna a bakin madafin, ka ce ta ba ka labarin daga farko. Kada ka yi dariya, kada ka ce ai ƙarya ce aka shirya. Ka kula da inda muryarta za ta canja. In a kan rashin 'yar'uwa ne, ka bar ta ta yi mai isarta, ka kuma kai ta ta ga 'ya'yan marigayiyar ranar Juma'a. In kuwa a kan mijin labarin ne, ka tambaye ta me ya yi, ka saurara har ƙarshe, ko da ka ji kamar an auna rigar da jikinka.

Batun tuwo kuma, ku yi yarjejeniya: sai ta kwashe ta sauke tukunya sannan ta kunna waya. In wani ya sake ƙonewa kafin nan, akwai masu waina a bakin titi, ka sayo ku ci da yara.